Zagayen Birni: Wa Ake Nuna wa Damagaram?

Duk wanda ya taɓa rakiyar baƙo cikin Birnin Damagaram ya san yadda zagayen yake, domin hanya ɗaya ce, ba ta sakewa. Ana farawa daga ƙofar fada da hantsi, kafin rana ta yi zafi. Baƙo ya gai da dogarai, ya nemi izini, ya ɗauki hotonsu cikin manyan rigunansu. Daga nan ɗan jagora ya shige gaba, a kutsa cikin lunguna masu ƙunci, a tsaya gaban gida biyu ko uku masu zane a fuska, a kai ga gidan da ake cewa Bajamushen nan Barth ya sauka, a leƙa guntun ganuwar da ya rage, a hau duwatsu a hango gari. Sa'a ɗaya, in ta yi yawa ɗaya da rabi, an gama. A ƙarshe a bi da baƙo wajen dukawa ya sayi jaka ko takalmi, ya sallami ɗan jagora, ya shiga mota ya nufi Agadas ko Yamai. Tun daga farko har ƙarshe da Faransanci ake magana. Yaran unguwa suna biye a baya, suna kallon baƙo yana kallon gidajen iyayensu, ba su fahimtar abin da ake faɗi a kansu.

Waɗannan yara su ne abin magana a nan. Zagayen Birni, duk da gajartarsa, darasin tarihi ne da ke da wuyar samu a wani wuri cikin ƙasar Hausa ta Nijar. Cikin tafiyar ƙafa da ba ta gajiyar da tsoho, mutum zai ratsa labarin sarauta, da fatauci, da bauta, da zuwan Nasara, da fasahar gini, kowanne da shaidarsa a tsaye. Amma an yanka wannan riga daidai wuyan baƙo, masu gida kuwa ba a auna su ba. Ba abin mamaki ba ne a sami ɗalibin da ya ci jarrabawar BEPC a Damagaram, wanda zai iya lissafa dalilan juyin juya halin Faransa na 1789 ɗaya bayan ɗaya, amma bai san sunan sarkin da ya gina ganuwar da yake wucewa kullum a kan hanyarsa ta zuwa lakkwal ba.

Yau kuma baƙon ma ya ɗauke ƙafa. Tawayen arewa na 2007, da soke tseren motocin Dakar a 2008, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, sun tsinke hanyar ƴan yawon buɗe ido da ke ratsa Damagaram zuwa Agadas. Da baƙo ya daina zuwa, sai zagayen ya kwanta, tun da daman saboda shi aka tsara shi. Ranar 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, wanda ke cikin wuraren da kowane ɗan jagora ke tsayawa. An yi jimami, an yaɗa hotunan ɓaraguzai a wayoyi. Tambayar da ba a yi ba ita ce: ɗalibai nawa ne a garin aka taɓa kai su gaban wannan masallaci aka ba su labarinsa tun yana tsaye? Tun 2006 Birni da fadar sarki suke cikin jerin wuraren da Nijar ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Tsohon garin Agadas ya sami shiga a 2013. Damagaram tana jira, bangayenta kuwa ba su san jira ba.

Laifin ba na ɗan jagora ba ne

Kafin a ci gaba, a sauke wa ɗan jagora kayan da ba nasa ba. Galibi saurayi ne da ya bar karatu a tsakiya, ya iya Faransanci daidai gwargwado, ya gano cewa ƙafarsa da bakinsa za su iya ci da shi. Babu wanda ya koya masa sana'ar. Abin da yake faɗi ya tsinto shi ne daga bakin wani ɗan jagora da ya girme shi, shi kuma wancan ya haddace daga littattafan jagora da Turawa ke zuwa da su cikin jaka. Ta haka ake samun abin dariya mai ban takaici: Bature ya rubuta shafi biyu a kan Damagaram a birnin Pari, ɗan Damagaram ya haddace su, wani Bature ya biya kuɗi a karanto masa su a ƙofar fada, ya koma gida yana murna ya ji tarihi daga bakin ɗan ƙasa. Ɗan jagora ya lura da inda idon baƙo ke haske, sai ya tsawaita a nan. Ya lura da inda baƙo ke hamma, sai ya taƙaita. Wanda ke biya shi ke zaɓen waƙa. Masu laifi su ne waɗanda suka san tarihin, suke da albashi da allo da ɗalibai, suka bar aikin a hannun wanda ke neman abin kai wa bakin salati.

Gidan Barth, ina gidan Dorugu?

A ɗauki zangon da ya fi kowanne farin jini wajen baƙi. Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ya iso Damagaram ranar 25 ga Disamba 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu 1853 ya nufi Katsina da Sakkwato da Tambutu. Mako biyar ke nan. Babu mai musun darajarsa: ya ji Hausa, ya ji Barbarci, ya rubuta abin da ya gani da gaskiya fiye da yawancin ƴan uwansa. Amma mutumin da ya yi mako biyar a gari ya sami zango na musamman a cikin zagayen sa'a ɗaya, alhali a cikin ayarinsa akwai wani yaro da ba a ambatarsa.

Sunan yaron Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin wannan ƙasa ta Damagaram. An kama shi yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, inda Overweg, abokin tafiyar Barth, ya ƴanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Barth, ya je Tambutu ya dawo, ya ƙetare hamada, ya shiga Ingila a 1855. A can ya zauna da wani malamin mishan mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Wannan labari na cikin zube mafi daɗewa da aka rubuta da Hausar boko, kuma da taimakon bakin Dorugu Schön ya gina nahawunsa da ƙamus ɗinsa. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa.

A duba abin da aka yi asara. Ga ɗan ƙasa da ya je Turai ya kalli Turawa da idon Bahaushe, ya bayyana yadda suke cin abinci da yadda suke zama, kamar yadda baƙi ke bayyana mutanen Birni a yau. Ga kuma wanda ya ɗanɗana bauta ya ba da labarinta da bakinsa. Duk malamin Hausa da ke koyar da rubutun boko yana cin gadonsa. Amma a ƙofar gidan da ya kwana tare da ubangidansa, sunan ubangidan kaɗai ake kira. Bajamushe mai yawon buɗe ido yana da hakkin neman sawun ɗan ƙasarsu. Abin tambaya shi ne me ya hana ƴan Damagaram neman sawun nasu.

Daga wane gefen ganuwa ake ba da labari?

Haka abin yake in an zo kan zuwan Nasara. A bakin zagayen baƙi, labarin yakan fara ne da kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive ranar 5 ga Mayu 1898, kamar dai wani matafiyi ne ya zo wucewa aka afka masa. Ba a cika faɗin cewa yana kan hanyarsa ta zuwa wajen Rabe ba, Raben da ya riga ya cinye Barno a 1893, wanda Damagaram ke kwana da tsoronsa. Sarki Amadu Kuran Daga yana fama da Kano ta kudu, yana hangen Rabe ta gabas, sai ga Bature da ƴan bindiga zai je ya ƙulla magana da abokin gaba. Ana iya yi wa hukuncin da fada ta yanke kallon kuskure, ana iya yi masa kallon dole. Wannan muhawara ce da ta dace da ɗaliban lise. Abin da bai dace ba shi ne a ba da labarin kamar mutanen cikin ganuwa ba su da dalili, sai fushi.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga wanda ya karanta. A ƙarshen Yuli 1899 ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki da toka tun daga bakin Kwara har Birnin Ƙonni, ta karya dakarun Damagaram a Tirmini. An kashe Kuran Daga a watan Satumba na wannan shekara. Barikin da aka gina bisa duwatsu aka sa masa sunan Cazemajou, sai daga baya ya koma sunan Tanimun. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi ƙasar Kodebuwa, suka kama manyan gari har da attajirin nan Malam Yaro, suka danƙa gari a hannun Ballama, bawan fada. Sai a 1923 aka mayar da sarauta ga gidanta, aka naɗa Barma Mustafa. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin yankin Nijar, kafin a mayar da mulki Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar.

Duk wannan a rubuce yake. Marigayi André Salifou, ɗan garin, ya buga littafinsa a kan Damagaram ta ƙarni na 19 tun 1971, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun, kuma daga aikinsa Mahamane Bakabé ya ɗauko fim ɗin da ya yi a kan al'amarin 1906. Mawaƙan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo sun riƙe nasu kason a baka. Ilimin yana nan, a cikin gari, cikin harsuna biyu. Abin da ya rasa shi ne mai ɗauko shi daga kabad ya kai shi bakin titi.

Bango ma yana da harshe

Sai kuma gine-ginen kansu. Gaban gida mai zane, baƙo yakan ce yana da kyau, ɗan jagora ya ce ginin gargajiya ne na Hausa, a ɗauki hoto a wuce. Kalma biyu ke nan aka kashe a kan sana'ar da ke da ƙamus nata. Magini ya san tubali, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Ya san azara, da ake tsagawa daga giginya domin gara ba ta cinta da sauƙi. Ya san bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda ke ɗauke da rufin soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ya san zanko a saman bango, da indararo mai fitar da ruwa nesa da gindin gini. Ya san makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango da ita. Ya san laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina, da gashin jima na majema, da dafara ta daji. A lura da wannan na ƙarshe: rufin soro ɗaya ya haɗa magini da marini da majemi. Wanda ya fahimci laso ya fahimci yadda sana'o'in tsohon gari ke riƙe da juna, ya kuma fahimci dalilin da ya sa mutuwar marina ke jawo yoyon ɗaki.

Waɗannan kalmomi ba su da takwarori a Faransancin ɗan jagora, don haka zagayen baƙi ya watsar da su. Ɗalibin da bai taɓa jin su ba, in ya girma ya gaji gida, abin da zai yi shi ne ya kira mai siminti. Ga shi kuwa siminti a kan bangon ƙasa mugun magani ne. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa. Siminti yana kulle danshin a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye bayan fuska mai sumul, har ranar da ɓawon zai ɓalle ya tafi da rabin gini. Ginin ƙasa yaɓe yake so kafin kowace damina, da gyaran indararo, da kau da ruwa daga gindinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa. Amma sai in an koya wa mai ɗakin duban rufi. Babu wata hukumar duniya da za ta zo ta yaɓe bangon Birni kowace bazara. Masu gidajen ne za su yi, ko su bari, kuma masu gidajen gobe suna zaune yau a kan bencin aji.

Ga masu son kirari kaɗai

Akwai wasu da za su karanta abin da ya gabata su yi tafi, su ce to, a karɓe zagayen daga hannun baƙi a mayar da shi kirarin kakanni. Su ma akwai magana a kansu, domin tasu rigar ba ta fi ta baƙo dacewa ba. Gaskiya ne Sarki Tanimun, wanda ya riƙe sarauta har 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera sun zuba igwa a cikin gari, ya faɗaɗa ƙasa, ya mai da Damagaram babbar mahaɗar ayarin da ke tafiya tsakanin Kano da Barno da Tarabulus. Abin alfahari ne. Amma su wa suka kwaɓa ƙasar ganuwar, suka ɗauke ta a ka? Da me aka sayi bindigogi da dawakai? Baturen Ingila James Richardson, da ya zauna a garin a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ake fita hari a dawo da mutane a ɗaure. Labarin Dorugu shaida ce daga bakin wanda abin ya faɗa wa. Bayi na cikin manyan hajojin da ke bin hanyar hamada, kuma arzikin Birni da na Zango ba su rabu da wannan ciniki ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A cikin ajin da za a kai zagaye akwai jikokin masu sarauta, akwai jikokin fatake, akwai jikokin waɗanda aka kawo a ɗaure, kuma babu wanda ya zaɓi kakansa. Nijar ba ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a dokar hukunci ba sai a 2003; maganar ba ta yi nisan da za a ce ta zama tatsuniya ba. Malamin da ya tsaya gaban ganuwa ya faɗi sunan wanda ya ba da umurni, ya yi shiru a kan waɗanda suka yi aikin, ya koya wa rabin ajinsa cewa kakanninsu ba su cikin tarihi. Ba a ce a tozarta kowa ba, ba a kuma ce a nuna gidan wani da yatsa ba. Ana iya faɗin gaskiya da ladabi, kuma fada mai shekaru kusan ɗari uku ta fi ƙarfin gaskiya ta girgiza ta.

Uzurorin da aka saba ji

Uzuri na farko na malamai ne: tsarin karatu ya cika, lokaci bai isa ba, aji ya yi yawa. Duk gaskiya ne. Amma zagayen sa'a ɗaya ne da rabi, ba ya bukatar mota ga yawancin makarantun garin, ba ya bukatar lantarki ko littafi. Ana samun lokacin share fage don bikin ƙarshen shekara, ana samun lokacin jera ɗalibai a bakin hanya su tarbi babban baƙo cikin rana. Safiya ɗaya a shekara ba za ta gagara ba. Aji mai yawa kuwa a raba shi uku, malamin tarihi da na Faransanci da na Hausa kowa ya ɗauki kashi. Gani ya kori ji. Abin da yaro ya taɓa da hannunsa ya fi shafi goma na haddar da zai manta bayan jarrabawa.

Uzuri na biyu na wasu dattawa ne, masu cewa tsayawa kallon bango al'adar Nasara ce, aikin wanda ya ƙoshi. Abin da suka gani ne ya sa su faɗin haka: shekara da shekaru ba su ga mai yin zagayen ba sai Bature da hularsa, yara na bin sa suna roƙon kado. Sun ga an leƙa zaure ba sallama, an ɗauki hoton matan aure ba izini. Ƙyamarsu tana da tushe. Amma ziyarar kufai da kushewa don ɗaukar darasi ba baƙuwar aba ba ce a ƙasar nan, kuma malaman zaure sun fi kowa sanin umurnin da aka yi na tafiya cikin ƙasa a lura da ƙarshen waɗanda suka gabata. In ɗalibai suka zo da sallama, suka durƙusa suka gai da mai gida, suka roƙe shi ya ba su labarin gidansa da bakinsa, dattijon da ake ɗauka hoto kamar kayan kallo ya koma malami. Birni ba gidan ajiye kayan tarihi ba ne; unguwa ce da ake haihuwa ake mutuwa a cikinta, kuma da izinin mazaunanta ake shiga.

Uzuri na uku shi ne na harshe: wai Hausa ba ta da kalmomin koyar da tarihi a matakin sakandare. Wanda ya karanta jerin kalmomin magina da ke sama ya ga wane harshe ne ke rasa kalmomi a cikin Birni. A Damagaram ɗin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973. Dokar 2001 ta jera Hausa cikin harsunan ƙasa, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 kuma ya ɗaga ta zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Takarda ta yi nata. Amma matsayin harshe ba ya tabbata a cikin jaridar gwamnati. Yana tabbata ranar da aka bayyana abu mai nauyi da shi a bainar jama'a, aka yi gardama, aka rubuta. In Hausa ta kasa ba da labarin Damagaram a ƙofar fadar Damagaram, a ina za ta iya?

Abin da ake nema

Abin da ake nema ba shi da tsada. Ƙungiyoyin malamai da na al'adu su zauna da fada, da masu unguwanni, da magina, da ƴan jagoran da suka rage, su tsara hanya ɗaya mai zango bakwai ko takwas. A rubuta bayanin kowane zango a shafi guda, Hausa a dama, Faransanci a hagu, malaman tarihi na jami'ar garin su duba shi don kada a maye tatsuniyar baƙi da tatsuniyar gida. A sa Dorugu kusa da Barth. A sa Tirmini kusa da Cazemajou. A ware zango ɗaya ga magini ya riƙe tubali a hannu ya yi bayani, a ware wani ga tsohuwa ta faɗi yadda mata ke neman ruwa a garin da ke zaune kan dutse, domin tarihin Damagaram rabinsa tarihin ƙishirwa ne. In da hali a miƙa tafiyar har Zango, a ga inda ayari ke sauka, yaro ya gane cewa Birni na sarauta da Zango na fatauci tagwaye ne.

Ɗan jagora kuma kada a ture shi gefe. Shi ya san lunguna, shi ya san gidan da ake shiga da wanda ba a shiga. A horar da shi, ƙungiyar iyayen ɗalibai ta biya shi ladan safiyarsa. Baƙo raɓa ne, da hantsi ya ɗauke; ɗalibai kuwa kowace shekara sabbi ke zuwa. Sana'ar da ta dogara ga makarantun gari ta fi wadda ta dogara ga jirgin sama kwanciyar hankali. Kowane ɗalibi ya zo da kaye da alƙalami, ya rubuta kalmomin da ya ji, ya zana zanen da ya gani, ya lura da bangon da ya tsage da indararon da ya karye. A ƙarshen shekara a tattara jerin gine-ginen da ke cikin haɗari a miƙa wa mai unguwa da ma'aikatar magajin gari kafin ruwa ya sauka. Ko ba a gyara duka ba, an dai rubuta, kuma akwai yaran da za su tambaya.

Maganar ba ta tsaya ga Damagaram ba. Ɗan Maraɗi nawa ne ya taɓa sauka kwari aka nuna masa inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa a hau tudu? Tsibiri, da Tasawa, da Mirya, da Birnin Ƙonni, da tsofaffin unguwannin Tawa, kowanne yana da zagayensa da ba a tsara ba, domin Bature bai nema ba. Malamin da ke koyarwa a waɗannan garuruwa ba ya bukatar jiran takarda daga Yamai kafin ya fita da ajinsa ƙofar gari.

Wata rana hanya za ta buɗe, baƙi su dawo, kuma a yi musu maraba kamar yadda aka saba, domin Damagaram garin baƙi ce tun zamanin ayari. Sai dai ya kamata su tarar da zagayen da masu gida suka tsara wa ƴaƴansu, a fassara musu shi, su bi sahu a baya. Tsohon masallaci ya riga ya faɗi. Fada tana tsaye, guntun ganuwa yana tsaye, gidaje masu zane suna tsaye, kuma akwai sauran magina da suka san haɗin laso. Damina mai zuwa ba za ta tambayi kowa ko tsarin karatu ya cika ba.